Amfilifayar Hedifon Mai Araha a Hannun Ɗalibin Harshe: Amincinta da Hanyar Gano Ciwonta

1.0 Gabatarwa

Manomi da fartanyarsa yake taƙama, maƙeri da uwar maƙera, shi kuwa ɗalibin harshe kunnensa ne jarinsa. Duk abin da zai rubuta a kundinsa game da furuci ko karin sauti ko karin harshe, sai ya fara bi ta kunnensa tukuna. To, amma a yau ba kai tsaye muryar mai magana take isowa kunnen ba. Ana ɗaukar ta a rikoda ko a waya, a juye ta a kwamfuta, ta bi ta waya zuwa hedifon, wato abin sauraron da ake ɗorawa a kai. A tsakanin kwamfuta da hedifon ɗin ne da yawa daga cikinmu suke saka wata ƴar ƙaramar na'ura ta ɗorawa a tebur mai ƙara wa sauti ƙarfi, wadda ake kira amfilifaya.

A wannan takarda zan yi bayanin amincin irin wannan na'ura mai sauƙin kuɗi, da yadda ɗalibi zai gano abin da ya same ta idan ta fara kawo matsala. Na gina bayanin ne a kan abin da na gani lokacin da nake rubuta hirarrakin da na ɗauko a Azare da garin Katagum da ƙauyukan da ke tsakaninsu. Abin da nake son mai karatu ya fita da shi guda ɗaya ne: mafi yawan laifin da ake ɗora wa wannan akwati ba a cikinsa yake ba, kuma dabarar gano inda yake mun riga mun koye ta a ajin tsarin sauti.

2.0 Me ya haɗa ɗalibin Hausa da amfilifaya?

Ƙasar Katagum wuri ne da mai nazarin karin harshe ba zai rasa aiki ba. Malam Ibrahim Zaki ne ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, aka kuma mayar da hedikwatarta daga garin Katagum zuwa Azare a 1916. A nan ne ake jin Guddiranci, karin harshen da Dauda Bagari ya yi rubutu a kansa a 1982. Ga kuma Fulatanci da Barbarci da Karekare da Badanci a kusa, kowanne yana gogayya da Hausar yankin. Wanda zai bayyana yadda dattijon Gadau ko na Chinade yake furta wata kalma, dole ya ji ta sosai, ba ya ƙaddara ta da abin da ya saba ji a rediyo ba.

Abubuwa uku ne suka fi saurin ɓacewa idan kayan sauraro suka gaza. Na farko karin sauti. "Kuka" na mai hawaye sama-sama ne, "kuka" ta miya kuwa sama-ƙasa ce. "Wuya" na jiki sama-ƙasa ne, "wuya" ta wahala ƙasa-sama. Na biyu tsawon wasali, kamar bambancin "gari" da ake zama a ciki da "gari" na tuwo, waɗanda karin sautinsu ɗaya ne, tsawon wasalin farko kawai ya raba su. Na uku baƙaƙen da suke kusa da juna: s da sh da ts, k da ƙ, b da ɓ, d da ɗ, da kuma ra-gare da ra-kaɗe waɗanda rubutun yau da kullum bai ma bambanta su ba.

Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga kusan kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, ma'aunin da ake kira hatz. Tushen muryar namiji baligi yakan faɗo tsakanin hatz 85 da 180, na mace tsakanin 165 da 255, kuma hawa da saukar wannan tushe shi ne muke kira karin sauti. Zuzau irin s kuwa ƙarfinsa can sama yake, daga wajen hatz 4,000 zuwa sama. Ke nan na'urar da ta ɓata ƙasa za ta ruɗa mu a karin sauti, wadda ta dushe sama za ta ruɗa mu a baƙaƙe.

Ban da haka, hirar da aka ɗauka a zaure ko a gindin bishiya takan zo da rauni, musamman idan mai maganar tsoho ne, makirfon kuma yana nesa da bakinsa. Ƙananan iyafis na waya suna da tirjiyar lantarki ta om 16 zuwa 32, don haka kwamfuta tana iya tura su ba wahala. Manyan hedifon na ɗakin ɗaukar sauti kuwa wasu om 250 ne, wasu har 600, kuma ramin kwamfuta ba ya iya ba su abin da suke buƙata. Wannan giɓin ne amfilifaya take cikewa.

3.0 Shin mai araha abar dogaro ce?

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma a nan ba ado muke nema ba. Ainihin aikin ƙara ƙarfin sauti wani ɗan ƙaramin guntu ne yake yin sa a cikin akwatin, kuma irin waɗannan guntaye sun daɗe da yin arha, ba su kuma cika mutuwa haka kawai ba. Tun a ƙarshen shekarun 1990 wani injiniya mai suna Chu Moy ya fitar da tsarin amfilifayar hedifon mai sauƙi da mutane suka riƙa harhaɗawa da kansu a cikin gwangwanin alewa, tana aiki da batir mai bolt 9. Wannan ya nuna cewa sauti mai tsabta ba sai da tsada ba.

Inda masu ƙerawa suke rage kuɗi shi ne a sassan da hannu yake taɓawa da kuma wajen wuta: mamurɗin murya, da ramukan filogi, da makunni, da wayoyin da suke zuwa a kwali, da adaftar da ake sakawa a soket. Waɗannan su ne suke fara gajiya, kuma su ne yanayinmu ya fi cutarwa.

Akwai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana shigar da ƙura mai laushi cikin kowane rami, ta kwanta a kan layin da mamurɗin murya yake gogawa. Akwai zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana a Azare yakan haura digiri 40, ɗakin kwano kuwa sai abin da ya ƙaru. A cikin na'urar da cikin adafta akwai ƴan batta masu ajiye wuta da masu gyara suke kira kondansa, kuma ƙa'idar da injiniyoyi suke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin kwanansu. Sai kuma wuta. Ma'aunin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne a kan hatz 50, amma kowa ya san takan yi ƙasa ta kuma yi sama, ga ƙaramin janareta da ƙarfinsa yake rawa, ga tsawar damina. Na'urar da aka kare daga waɗannan abubuwa uku za ta raka ɗalibi har ya gama karatu.

4.0 Dabarar zubin kamantau

A ajin tsarin sauti, idan muna son tabbatar da cewa sauti biyu ƙwayoyin sauti ne daban-daban, mukan nemo kalmomi biyu da suka yi daidai a komai sai wuri guda, kamar "bari" da "ɓari", ko "kafa" da "ƙafa". Da yake abu ɗaya kawai ya sauya, mun san shi ne ya kawo bambancin ma'ana. Wannan shi ne zubin kamantau, kuma shi ne sirrin gano ciwon na'ura.

Sauti yana bin zango bakwai kafin ya iso kunne: fayil ɗin da aka ɗauka, kwamfuta ko waya, wayar da ta haɗa ta da amfilifaya, adafta da soket, amfilifayar kanta, wayar hedifon, sai hedifon. Idan an ji matsala, a sauya abu ɗaya tak, a sake saurare. Wanda ya sauya waya da soket da hedifon a lokaci guda, ko da ƙarar ta tafi bai san wanda ya kore ta ba, gobe kuma za ta dawo masa.

Domin wannan gwaji, ina ba kowane ɗalibi shawarar ya tanadi fayil na ma'auni. A samu abokin karatu mai murya tsaf, a ɗaki maras hayaniya, ya karanta kalmomi kamar "fara" ta ci da "fara" ta soma aiki da "fara" ta launi, da "gari" guda biyu, da "sara" da "shara" da "tsara". Minti 1 ya isa. A saurare shi ranar da komai yake lafiya har kunne ya haddace shi. Daga ranar, duk lokacin da aka yi shakka, shi za a fara sakawa. Idan ma'auni ya fito garau amma hirar da ake rubutawa ta fito a daƙile, laifin na hirar ne, a ƙyale na'ura ta huta.

5.0 Matsalolin da aka fi gamuwa da su

5.1 Ta ƙi kamawa

Idan fitilar gaba ba ta kawo ba, a fara da soket, a gwada shi da cajar waya. Daga nan sai adafta, domin ita ce ta fi mutuwa. Mai gyaran rediyo zai auna ta da mita cikin ƙanƙanin lokaci. Idan za a sayi wata, a duba abu huɗu a jikin tsohuwar: yawan bolt ya zo daidai, ƙarfin da take bayarwa kada ya gaza na tsohuwar, alamar tsakiyar filogi ta zama iri ɗaya, sannan a duba ko wuta mai miƙewa take fitarwa ko mai kai-da-komo, domin akwai amfilifayoyin da sai da ta biyun suke aiki. Shigar filogi cikin rami ba ta nuna cewa adaftar ta dace. Haka kuma kayan gwanjo da aka yi don Amurka, inda wuta take bolt 120, idan ba a rubuta 100 zuwa 240 a jikin adaftar ba, saka ta a soket ɗinmu kai tsaye ƙona ta ne.

5.2 Gunji a ƙarƙashin magana

Wannan ita ce matsalar da ta fi shafar mu. Gunjin wutar lantarki yana zuwa a hatz 50, tare da ƴaƴansa a 100 da 150 da 200, wato daidai inda muryar namiji take hawa da sauka. Yakan lulluɓe karin sautin ƙasa, musamman a ƙarshen jimla inda murya take faɗuwa. Gwajin farko shi ne a tsayar da fayil ɗin. Idan gunjin ya tsaya tare da shi, to a cikin hirar aka ɗauko shi. Idan ya ci gaba, a zare wayar da ta zo daga kwamfuta. Idan ya ɗauke, a mayar da wayar, a zare cajar kwamfuta ta koma kan batir. Sau da yawa nan take ɗaki yake yin tsit, domin na'urori biyu da suke shan wuta ta hanyoyi daban-daban, waya kuma ta haɗa su, sukan buɗe wa gunji hanya. Magani shi ne a saka su a jerin soket guda, ko a yi aiki a kan batir, a kuma raba wayar sauti da wayar wuta kada su kwanta tare. Kada a karya ƙafar filogi ta uku don korar gunji, domin ita ce take kare mutum daga jan wuta. Idan kuwa an zare komai gunjin yana nan, sai a tuhumi adafta, sannan kondansa.

5.3 Ƙara mai tsinkewa kafin kira ya shigo

Wannan "dit-dit-dit" da ake ji daga wayar salula yake. Tsarin GSM yana aika saƙo a gutsure, kusan sau 217 a daƙiƙa, wayoyin amfilifaya kuma su kama shi kamar eriya. A ɗauke salula daga tebur, shi ke nan.

5.4 Ƙarar ƙwaraƙwasa idan an murɗa murya

Ƙura ce. A kashe na'ura, a murɗa mamurɗin daga farko zuwa ƙarshe sau da yawa, wannan kaɗai yakan share layin. Idan bai yi ba, akwai maganin feshi na musamman na wanke mahaɗar lantarki a wurin masu gyara. Ban da ruwa, ban da kananzir, ban da man keken ɗinki. Idan ya ci tura, sauya mamurɗin aiki ne mai sauƙi ga mai liƙi da dalma.

5.5 Kunne ɗaya ne yake yi

A juya hedifon ɗin a gwada shi a waya ko rediyo. Idan can ma kunne ɗaya ne, wayarsa ce ta tsinke a ciki, galibi a gindin filogi inda take lanƙwasa. A duba kuma ɗan mahaɗin da yake mayar da ƙaramin filogi mai milimita 3.5 zuwa babba mai 6.35, domin na banza ya yi yawa a kasuwa. Amma kafin duk wannan a saka fayil na ma'auni. Hirarraki da yawa da makirfon ɗaya aka ɗauke su, rikoda ta zuba muryar a ɓangaren hagu kawai. Wata hira da na ɗauko a garin Katagum haka ta zo, sai na buɗe ta a manhajar Audacity na mayar da ita ta fita ta kunnuwa biyu. Idan kuwa ɓangare ɗaya yana rinjaye ne kawai lokacin da murya take can ƙasa, wannan halin mamurɗi mai araha ne. A rage murya daga kwamfuta, ko a sa makunnin ƙarfi a ƙarami, yadda za a iya murɗa mamurɗin ya wuce wurin da yake da ciwon.

5.6 Murya ta koma kamar daga rijiya

Wani lokaci za a ji kukan kaji da iska sarai, amma muryar mai magana ta yi nisa ko ta ɓace. Dalili shi ne filogi bai shiga duka ba, ko wayar da kunnuwan biyu suke tarayya a kanta ta rabu. Idan haka ta faru, abin da yake isowa kunne shi ne bambancin hagu da dama kawai, duk abin da yake daidai a ɓangarorin biyu sai ya share kansa, murya kuwa a tsakiya take. Iyafis na waya mai makirfo, wanda filoginsa yake da zobe uku maimakon biyu, yakan jawo irin wannan a wasu ramuka. A tura filogi ya zauna, ko a sauya hedifon.

5.7 Murya tana tsagewa

Idan sauti yana fashewa a wurin da mai magana ya ɗaga murya, ko dai abin da yake shigowa ya fi ƙarfin amfilifaya, ko wuta ta yi ƙasa, ko kuma tun a wurin ɗauka aka cika. A rage daga kwamfuta a gani. Idan bai sauya ba, a buɗe fayil ɗin a Praat, manhajar nazarin furuci da Paul Boersma da David Weenink suka yi a Jami'ar Amsterdam. Idan aka ga kan igiyar sautin a yanke kamar an sa almakashi, ɓarnar ta riga ta auku, babu amfilifayar da za ta gyara ta.

6.0 Abin da amfilifaya ba za ta iya ba

Aikinta ƙara ƙarfi ne, ba ta ƙirƙiro abin da babu. Hirar da aka turo ta saƙon murya na WhatsApp an riga an matse ta, an zubar da wani ɓangare na sautin don fayil ya yi ƙanƙanta. Gara a ɗauka a tsarin WAV, a juye ta waya ko katin ajiya. Tsofaffin kaset ma da nasu halin. Zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, idan batir ya yi sanyi ko bel ɗin rikoda ya saki, gudun yakan sauya, murya ta yi kauri ko ta riƙa rawa. Wanda zai sanya alamar karin sauti a kan irin wannan kaset, ya fara tabbatar da lafiyar rikodar. Idan kunne ya yi kokwanto, Praat tana zana layin hawa da saukar murya, sannan a koma wa ɗan asalin yankin ya sake furta kalmar.

7.0 Rigakafi

Rigakafi ya fi magani, kuma ba ya cin kuɗi. A rufe na'ura da ƙyalle idan an tashi, amma kada a rufe ta tana kunne. A ajiye ta nesa da taga, kada a ɗora ta a kan wata na'ura mai zafi. A zare adafta daga soket da zarar an ɗauke wuta, sai ta dawo ta zauna a mayar. Haka idan hadari ya taso, ko za a tayar da janareta. Mai hali ya sa sitabilaiza. Wanda bai saya ba tukuna, ya duba irin wadda take shan wuta ta USB, domin bolt 5 kawai take buƙata, fawabank ma zai riƙe ta, ga shi ta rabu da gunjin soket. A riƙa zare filogi ta kansa, ba ta jan waya ba. Kada ɗalibi ya buɗe adafta, domin kondansa tana riƙe wuta ko bayan an zare ta. Idan za a kai gyara, a tafi da adafta da wayoyi da hedifon gaba ɗaya, a faɗa wa mai gyara gwajin da aka riga aka yi, zai fi saurin gano bakin zaren.

Sai babban abin kiyayewa, wato kunnen kansa. A mayar da murya ƙasa kafin a kunna, a sa hedifon, sannan a ɗaga a hankali. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa baligi zai iya sauraron desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage rabin wannan lokaci. Haɗarin aikinmu shi ne mukan ƙure murya don jin tsoho mai magana ƙasa-ƙasa, sai kwatsam babur ya wuce ko wani ya yi tari a bakin makirfo. Ji na sama shi ne yake fara tafiya, wato daidai inda s da sh da ts suke, kuma idan ya tafi ba ya dawowa. A riƙa hutawa bayan kowace awa.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, amfilifaya mai araha ta isa aikin ɗalibin harshe matuƙar ya kare ta daga ƙura da zafi da rawar wuta. Idan ta kawo matsala, ya fara da fayil na ma'auni, ya bi zangunan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, yana sauya abu guda a kowane gwaji. Dattawan da muke ɗaukar muryoyinsu a ƙasar Guddiri ba kullum za mu same su ba. Abin da muka rubuta daga bakinsu shi na baya za su ɗauka a matsayin Guddiranci, don haka wajibi ne mu tabbata cewa abin da muka ji nasu ne, ba na waya ko na soket ba. Allah ya ba mu sa'ar karatu, amin.